Hannuna na Bitesi

Salamu alaikum ƴan uwa. Wata tara ke nan ban ce uffan ba a nan, har wasu sun fara tambaya ko Sani direban Konni zuwa Tawa ya rasu ba a sanar ba. Ina nan da raina, alhamdulillahi. Gara ku ji daga bakina.

Abin ya faro da ciwon ƙeya da jiri. Na ce rana ce, na haɗiyi ƙwaya biyu na ci gaba da lodi. Wata safiya a tasha na miƙa hannu in ɗauki kofin shayi, hannun ya ƙi zuwa. Na buɗe baki, magana ta hito a karkace.

A asibiti majo, babban ma'aikacin jinya, ya gwada tansiyo, wato hawan jini, ya sake gwadawa, ya dubi wana Alhaji Idi ya ce, "Da wanga jinin yake tuƙa mutane?"

Shanyewar ɓarin jiki ce, gehen dama. Kwana goma sha ɗaya a gado, ƙarin ruwa, allura, awon jini, hoton kai. Hoton nan kaɗai ya cinye ragon layyarmu.

Ƙafa ta dawo da wuri, baki ya daidaita. Hannun dama kuwa ya kwanta kamar na aro, kuma da shi nike sa bitesi, wato giyar mota. Direban da ba shi da hannun dama sai zaman benci yana ba da labarin hanya. Na ji tsoro ƙwarai. Na yi kuka gaban matata Rabi, abin da ban taɓa yi ba.

Da anka sallame ni, anka haɗa ni da Madam Zainabu mai koyar da motsa jiki. Ta ce ban da magani da motsa hannu, in riƙa yin "meditasiyo" sahe da yamma. Alhaji Idi ya rubuta sunan a bayan takardar magani. Farmasi ukku ya zaga cikin Konni yana nema, har ya fara shirin tsallakawa Najeriya ko can akwai. Da Madam ta ji, ta yi dariya har da riƙe ciki. "Alhaji, wanga ba a saida shi. Zama ne."

Ta ce in zauna shiru, in ruhe ido, in bi numfashina, sannan in hango hannuna a zuci yana aikin da ya saba. Ƙanwata Hadiza kuma ta dinga turo mani bidiyo, na masu cewa duk abin da ka hango ka nace a kai, zai zo maka. Na ce in dai hange ne, ai na iya.

Ashe zama shiru ya hi lodin albasa wuya.

Ina ruhe ido sai in gan ni kan hanyar Tsarnawa, amalanke ya tare mani gaba, in kama faɗa da mai jakin cikin raina. In buɗe ido, hannu na nan inda na aje shi. In cije haƙori in ce mashi "tashi", ko gezau.

Kwana arba'in ina haka. Ranar da arba'in ɗin ta cika na ɗauki ƙwallon robar da anka ba ni in riƙa matsawa, na yi jifa da shi da hagu, ya faɗa tukunyar miya. Rabi ta tsame shi, ta wanke, ta aje kusa da ni. Na ji kunya. Satin nan da anka gwada tansiyo, ta sake hawa.

Baba Mamman, tsohon makanikin da ya koya mani tuƙi, ya zo duba ni daga Dogarawa. Na zayyana mashi komai. Ya ce in nuna mashi yadda nike yi. Ko minti guda ban yi da ruhe ido ba ya taɓa kafaɗata.

"Dubi wuyanka, dubi haƙoranka. Sani, haka kake tun da, kana tura bitesi da ƙarhi mota na kuka. Mi na ce maka in ta ƙi shiga?"

"A maida ta puwan mor, Baba. Ba gaba, ba baya."

"Sannan?"

"A saki, a sake taka ambiriyaji, kulocin nan, a gwada a hankali."

"Ashe ka sani. Kai oda kake ba Allah, ba roƙo ba."

Maganar nan ta shige ni. Na bar ƙidayar kwanaki, na bar kallon bidiyo. In hushi ya taso ina zaune, sai in ce a raina "puwan mor", in saki kafaɗa, in ja numfashi, in yi istigfari. Mai jaki ya zo, in bar shi ya wuce abinsa. Wata rana zaman ya yi daɗi, wata rana shirme zalla, duka na karɓa. Zuwa wajen Madam da shan magani kuwa ban taɓa fashi ba.

Cikin wata na huɗu, ina zaune bayan la'asar, babban yatsa ya motsa. Ban ma hango komai ba lokacin. Na kira Rabi, ta zo da ludayi a hannu, munka tsaya muna kallon yatsa guda.

Yanzu ina cin tuwo da damata, ina gaisawa da mutane. Likita ya ce doguwar hanya da fasinja tukuna, ƙila ma shi ke nan. Na zaci zan haukace, sai ga ni lahiya lau ina yanka tikiti a tasha, ina tsokanar direbobi.

Allah ya saka wa Rabi, da Alhaji Idi, da Madam, da Baba Mamman, da duk wanda ya yi mani addu'a.

Ƴan uwana direbobi, ku riƙa gwada tansiyo ko ba ku jin komai, ku rage gishiri. In baki ya karkace ko hannu ya mutu, a nuhi asibiti nan take. Zama shiru yana da amfani, amma kar ku bar magani saboda shi. In kun zauna zuciya ta ƙi kwanciya, ba laihinku ba ne, ku tashi ku sha ruwa ku dawo gobe.

Wanga rubutun duka da hannun dama na buga shi. Tun hantsi na fara, ga shi ana kiran la'asar, kuma sau ɗaya kacal na zagi wayar.