Darar da Kawu Ya Share

Jiya na ga dattawa suna dara a gindin darbejiya a Roni, sai haushin Kawu ya dawo mini sabo. Shekara da shekaru yana cinye ni a dara. Ba ya kai hari. Tsare gidansa yake yana tauna goro, sai na yi gaggawa ya kwashe 'ya'yana.

Rana ɗaya tak na ritsa shi. Saura ƙiris in cinye shi aka kira La'asar. Ya sa tafin ƙafa ya share guraben, ya ce, "Tashi, ɗana, mu yi alwala."

Ba mu sake zama ba har ya rasu.

Allah ya jiƙanka, Kawu, ya haɗa mu a Aljanna. Ban manta inda kowane tsinken darar nan yake ba, kuma sai na rama.