Ranar da Na Ce Ban San Kawu Ilu Ba

Duk wanda ya san Kawu Ilu na Dingaya ya san a wuya yake rataye takalminsa. Ran kasuwar Gwaram zai tako tun daga gida, ƙaya na cin ƙafarsa, takalmi na lilo a ƙirji kamar laya. Na taɓa ce masa, "Kawu, don Allah ka sa mana!" Ya ce, "Kai Ɗanlami, ƙafa in ta tsage man kaɗanya ne, kwana uku ta haɗe. Wannan in ya tsage, uwarka ce za ta ɗinke?" Uwar tawa kuwa ƙanwarsa ce, to me zan ce?

Wannan duk kun sani. Labarin Kaulaha ne ba ku sani ba, don ni na binne shi.

Lokacin da kuɗin fetur suka fara zubowa ina jan motar haya tsakanin Birnin Kudu da Gwaram, kaina ya fi motar girma. 'Yan zawiyarmu suka shirya zuwa Maulidi Kaulaha, ƙasar Sanagal, dangi suka ce in raka Kawu. Na ɗinka wando mai faɗin ƙafa wanda zai share kasuwar Basirka kaf, na sayi baƙin tabarau. Shi kuwa ya ɗauro ƙullin daddawa ya kai kan jariri, wai ba a san miyar mutane ba.

A filin jirgin Kano ya tsaya bakin matakalar jirgi ya rangaɗa sallama, ya ƙi hawa.

"Kawu, mu je, mutane na jira!"

"Ba a amsa ba. Ina maigidan?"

Sai da wani ma'aikaci ya leƙo ya amsa. Kawu ya tambaye shi iyali, ya tambaye shi damina, sannan ya shiga da ƙafar dama.

A Kaulaha aka sauke mu gidan wani dattijo, ɗaki ɗaya da alhazan Kumasi, 'yan gayu masu turare. Zafi ya bugi daddawa. Jama'a, ko ƙuda sai da ya nemi taga! Babbansu, Alhaji Sani, ya toshe hanci ya ce min, "Samari, tsohon nan naka ne?"

Na gyara tabarau na ce, "Ina! A jirgi na gan shi."

Kawu na bakin ƙofa yana alwala. Na ɗauka bai ji ba.

Ashe mutanen garin su ma da daddawa suke miya! Matar gidan ta biyo warin har ƙofarmu, ta shinshina, ta kira maƙwabta su zo su gani. Ga shi kuma ƙasar gyaɗa ce, Kawu kuwa a gonar gyaɗa ya tsufa. Shi da maigidan, ba mai jin yaren wani, suka share kwana uku kan tabarma ɗaya suna ɓarar gyaɗa. Kawu na kushe irinsu, "Wannan ai ta ɓeraye ce," dattijo na dariya yana ƙara masa wata. In sun gaji su ja salati tare. Nan kam bakinsu ɗaya.

Ranar Maulidi, da aka tashi daga taro, dattijon ya yanka rago ya zaunar da Kawu a kan tirensa. Alhaji Sani yana jin yarensu, shi ke tafinta. Ya ce wa Kawu, "Wai ka kira naka ku ci tare. Amma na faɗa masa kai kaɗai ka zo."

Ina tsaye a gefe, ina kallon naman. Kawu ya dube ni tun daga wando har tabarau.

"Haka ne, ni kaɗai ne," in ji shi. "Sai dai ga wani maraya da na tsinta a jirgi. Ku ba shi wuri, ba shi da kowa."

Na zauna. Dattijon ya dinga turo min nama da yatsa yana shafa kaina don tausayi. Wallahi kowace loma kamar tsakuwa. Ranar nan tabarau ya yi amfani, don ba wanda ya ga idona.

Muka dawo ina jiran ya fesa ni a dandali. Kawu da ko akuyarsa ta yi tari sai Dingaya ta ji! Shiru. Ko uwata bai faɗa wa ba. Ni kuma kunya ta hana ni buɗe baki, sai da ya kwanta ciwon ajali na durƙusa gabansa.

"Kawu, maganar Kaulaha. Ka yafe min."

Ya buɗe ido ɗaya. "Tun a kan tiren na yafe. Abin da ban yafe ba, kai ka cinye hantar."

Allah Ya jiƙan Kawu Ilu, Ya rufa masa asiri yadda ya rufa min. Ranar da ɗan'uwa ke gudun ɗan'uwa, Allah Ya sa a dube shi a ce, "Wannan namu ne."