Zomon da Malam Isma'ila ya ɗinka

Shekara talatin Malam Isma'ila yana ɗinkin hula da riguna a wani lungu na Agege, bai taɓa zana abu mai rai ba. Ya ji daga malamai cewa mai zana shi, ranar kiyama za a ce ya busa masa rai. Ni maƙwabcin shagonsa ne, kuma taurin kansa ya sha ƙona min rai.

A 2023 wata 'yar China, Madam Lin, ta zo masa da jan yadi. Ita ce ke ba shi ɗinkin rigunan ma'aikatan kamfaninsu na roba, kuma ita ta kai matarsa asibiti ranar da okada ya buge ta. An haifa mata jika bakwaini a can gida, yana kwalba. Shekarar zomo ce a lissafinsu, ta ce, zomo kuwa a wurinsu alamar tsawon rai ne, har suna cewa yana cikin wata yana daka maganin tsawon kwana. Hula take so a ɗinka wa jaririn, mai farin zomo.

Ya kasa ce mata a'a. Kwana huɗu yana jujjuya yadin, sannan ya yi dabarar da wasu ke yi wa hoto: ya ɗinka zomon tsaf, ya ratsa wuyansa da baƙin zare, don ya zama ba mai rai ba. Har murna yake, ya nuna min. Ni ma da nake ganin na fi shi wayewa, ban ga aibun ba.

Da Madam Lin ta zo karɓa ta buɗe ledar da ya sa hular a ciki, sai ta nemi benci ta zauna.

"Baba, who kill am?" ta tambaya a hankali.

Ya yi ta bayani da guntun Turancinsa. Ba ta yi faɗa ba. Ta dai ce ba za ta aika wa jariri mara lafiya yankakken zomo ba, ta ajiye hular ta miƙe. Wallahi ta ba ni tausayi.

Malam ya ce ta dakata. Ya ɗauki reza ya warware baƙin zaren ɗaya bayan ɗaya.

Bayan ta tafi na ce, "To Malam, ranar da aka ce ka busa masa rai fa?"

Ya daɗe yana tsince zare daga rigarsa.

"Zan ce ban iya ba," ya ce. "Sai in faɗi halin da yaron yake ciki."