Faifan Yari a Hannun Gado

Duk wanda ya sayi nama a Jega lokacin da aka ba mu jihar Kebbi ya san Gado. Mahauci ne ɗan mahauci, gajere mai faɗin kafaɗa, wuƙa ta rage masa tsawon yatsa ɗaya tun yana saurayi. Bai taɓa yarda da sikeli ba. Sai ya ɗaga tsoka, ya jijjiga ta sau biyu a tafin hannu, ya faɗi nauyinta. Masu gardama sun sha kai naman sikelin maƙwabcinsa su dawo suna sosa ƙeya. Albasar da yake yankawa a balangu ma sai ta Aliero, kuma da kansa yake zuwa ya ɗaɗɗaga ta ɗaya bayan ɗaya har masu buhuna su ƙosa da shi. Abokin mahaifina ne, gidansa na kallon namu, Baba Gado nake ce masa. Ya rasu yanzu, kuma har ya koma ga Allah bai taɓa tayar mini da maganar da zan ba ku ba. Da ya zage ni ko sau ɗaya, da na fi samun sauƙi.

Gado yana da wa guda ɗaya, Yari, makaɗin kalangun mahauta. Gab da samun mulkin kai wasu masu ɗaukar murya suka zo Sakkwato, aka kai Yari ya yi musu waƙa biyu, daga baya aka aiko masa da faifan garmaho guda. Bai shekara da samunsa ba ya rasu, ya bar matarsa da ciki. Abin da ta haifa ita ce Murjanatu. Gado ya riƙe ta, ya aurar da ita a Andarai, can ƙasar Maiyama.

Sau ɗaya tak aka kunna faifan bayan rasuwar Yari, a garmahon wani mai mota, irin wanda ake wanawa da hannu. Da waƙar ta ƙare Gado ya ga wata baƙar ƙura a bakin allurar. Ya tambaya, aka ce ai faifan ne allura ke ci kaɗan-kaɗan. Ya naɗe abinsa cikin sabon yadi, ya sa tsakanin faranti biyu, ya kai ƙasan akwati. Shekara talatin da 'yan kai yana can. Murjanatu ta girma tana jin cewa muryar ubanta na cikin akwatin nan, ba ta taɓa jin ta ba. In ta roƙa sai ya ce, "Ki yi haƙuri, ɗiyata, sai an samu wadda ba ta cin murya."

Sai ga ni. Malamin ofis ne ni a Sakkwato, da aka raba jiha aka maido mu Birnin Kebbi, na riƙa zuwa gida Jega ƙarshen mako da takalmi mai sheƙi da baki mai yawa. Cikin kayan da na kwaso akwai na'urar faifai mai aiki da kanta, wani abokin aiki da zai koma kudu ya bar mini ita. Mutane sun koma kaset tuni, amma ni ina ganin babu mai irin abina daga nan har Maiyama.

Yadda take aiki shi ne abin da nake burge mutane da shi. Akwai dogon tsinken ƙarfe a tsakiya mai ɗan tudu a sama. A nan ake rataye faifai, a danna maɓalli, sai ta sako shi ƙasa. Yana faɗowa gefensa zai bugi wani ɗan harshe da ke tsaye a gefe. Babban faifai ya ture shi sosai, matsakaici ya ɗan shafe shi, ƙarami ya wuce bai taɓa shi ba. Da haka take gane girman faifan, hannunta ya tashi ya kai allura daidai bakinsa. Mai na'urar ya haɗa mini da wani gajeren tsinke, ya ce tsofaffin faya-fayai masu nauyi ba a sako su daga sama, da hannu ake kwantar da su. Na ji shi sarai. Na jefa gajeren tsinken a aljihun tebur, don da shi na'urar ba ta da abin kallo.

Ni na je har teburin Gado da bakina. Na ce allurar tawa ko ƙuda ya fi ta nauyi, kuma hannun mutum ba ya taɓa komai. Ya ajiye wuƙa ya dube ni.

"Malam Sahabi, ba ta cin hwaihwai?"

"Ko kaɗan, Baba Gado."

Ranar nan ya ba wani direba saƙo zuwa Andarai.

Murjanatu ta iso ranar Asabar da hantsi, da goyo a baya, ta zauna bakin ƙofar ɗakina kusa da matata Safiya. Ni kuma na gayyato abokan aikina biyu, ba don Yari ba, don su ga na'ura. Gado ya shigo cikin wankakkiyar riga, ya zauna a tabarma, ya kwance yadin a hankali. Faifan baƙi ne wuluk, mai kauri, faɗinsa taƙi ɗaya da 'yan yatsu. Na nuna musu da ɗaya daga cikin nawa tukuna. Ya faɗo a hankali, hannu ya tashi, kiɗa ya fara, baƙina suka yi ta jinjina kai.

Gado bai jinjina ba. Ya karɓi faifaina a hannun dama, nasa a hagu, ya jijjiga su sau biyu.

"Wanga nawa ya yi ukun naka ga nauyi," ya ce. "Kuma naka shina lanƙwasa, nawa ba shi yi. In ta sako shi daga sama, mi za ya tare shi? Ka aje shi ƙasa da hannu, ɗana."

Aljihun teburin yana bayana, miƙa hannu kawai zan yi. Amma ɗaya daga cikin baƙina ya yi murmushi, ni kuma ban so a ce mahauci ya koya mini aikin na'urata a gaban mutane ba.

"Haba Baba Gado, wanga ba tsokar saniya ba ce," na ce. "Waɗanda sunka ƙera ta sun hi mu sani."

Aka yi dariya. Ya dubi Murjanatu, ya ga yadda ta matso har gwiwarta ta shigo ɗaki. Sai ya miƙo mini da hannu biyu.

Na juya maɓallin gudu zuwa na tsofaffin faya-fayai, na rataye shi, na danna. Bai faɗo ba. Kaurinsa ya hana shi zamewa daga ɗan tudun, ya karkace gefe guda yana rawa.

"Tsaya!" in ji Gado. "Ɗauke shi!"

Ko a nan da na ɗauke shi da ba a yi komai ba. Maimakon haka na sa yatsa na ɗan taɓa shi, wai in taimaka masa. Ya faɗo a karkace, gefensa ya daki ƙarfe, na ji ƙas. Ya rabe uku. Na'urar kuwa ba ruwanta, ta gane girmansa daidai, hannunta ya tashi ya kai allura inda bakin faifan ya kamata ya kasance, tana ta karta. Safiya ce ta tashi ta zare waya daga bango, ni na kasa motsi.

Kunya irin ta ranar ban taɓa jin ta ba, kuma ban sake ba. Baƙina suka sulale ba sallama. Na buɗe baki in ce wani abu game da manne shi, na ji maganar ba ta da kai, na fasa. Gado ya tattara gutsattsarin uku, ya duba tabarma ya tsince har ɓarɓashin, ya mayar cikin yadi ya ɗaure. Bai dube ni ba.

Murjanatu ba ta yi kuka ba. Tana nan zaune yadda ta matso, kamar har yanzu jira take a kunna. Gado ya daɗe yana kallonta. Can sai ya gyara zama, ya fara buga gwiwarsa da tafin hannu, bugun kalangu, ya ɗauko waƙar wansa. Muryar mutum ce da ta shekara arba'in tana kiran masu sayen nama, ta dushe, tana karyewa a inda ya kamata ta hau. Ya manta wani baiti, ya koma baya, ya sake kamawa. Haka ya ja ta har ƙarshe, gumi na zuba masa.

Da ya gama ta goge fuska da bakin mayafi.

"Baba, haka muryatai take?"

Ya girgiza kai.

"A'a, ɗiyata. Ko kusa."