Zanen da Muka Yi Don Shanun Kawu

Shekarar da cutar bushiya ta shigo wa shanu, kawuna ya rantse ba mai taɓa nasa da allura. Garkensa na bayan Tamale, shi ne cinmu, shi ne suturarmu, ga gari ya yi zafi, ko garin rogo sai ka yi layi. Na yi magana har bakina ya gaji. Mutumin da ya goya ni a kafaɗa ba zai zauna jin wa'azina ba, sai na ce bari in gwada shi da labari cikin zane.

Mu uku muka haɗa kai. Ni malamin firamare ne, ni na tsara labarin: garken wani ya mutu, maƙwabcinsa ya kai nasa allura, daga ƙarshe matarsa na tatsa, ƙwarya fal da nono. Mai zanen abokina ne a Kaladan, mai yi wa manyan motoci zanen zaki da dawisu. Ta ukun yayarmu ce a Nyanshegu, mai buga tafireta a wani ofis, ita ke da injin juya takarda. Sitansil ɗaya tak ta samo mana, takardar kakin nan da ake karcewa da tsinke. In ka karce ka karce, babu gogewa.

Kwana huɗu abokina yana karce. Muka juya injin, tawada har gwiwar hannu, muka cinye 'yar takardar da muke da ita kaf. Sai da ta bushe na zauna dubawa, na ga ɓarna. Abokina ɗan makarantar allo ne, daga dama ya jera hotunan. Ni da na fara daga hagu, abin da na gani shi ne nono fal, sai allura, sai mushe.

"Kai, ka kashe ni! Yanzu ai cewa muka yi allura ke kashe shanu!"

"Ticha, ni haka na san ana fara layi," in ji shi. "Kai ba ka gaya mini komai ba kraa, ko kaɗan."

Gaskiyarsa, ban gaya masa ba. Yayarmu ta yi dariya har da hawaye, ni kuwa kuka nake ji.

"Wani takarda babu, ƙanena," ta ce. "Kai shi haka, ka tsaya ka yi bayani."

Na hau keke zuwa ruga, ina haɗa bayanin a hanya, ina warwarewa. Na sami Kawu a gindin ɗorawa yana tufka igiya. Na durƙusa na miƙa masa. Kafin in buɗe baki ya yi bisimilla, ya ɗora yatsa a kusurwar dama, yadda ya saba buɗe littafi tun yana yaro. Na haɗiye bayanina. Ban taɓa jin daɗin kuskure kamar na ranar nan ba.

Ya daɗe a kan mushen. Ya matsa kan allurar, ya daɗe fiye da haka. Da ya kai kan ƙwaryar nono sai ya ɗaga kai ya dubi garkensa.

"Yaushe mai allurar nan zai zo?"

"Ran Laraba, Kawu."

"To, ka ce masa ya fara da jar nan. Ciki gare ta."