Durƙuson da Ya Kusa Cinye Mana Tsere

Wata Asabar ce cikin kaka, a shekarun farko na dubu biyu, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, na tsinci kaina ina haki a wani filin shaƙatawa wajen Summerfield, can ƙasar waje inda muke zaune, da ƙyallen atamfa rataye a kafaɗata. Wani Bajapane da ke aiki da Babana a sito, can Wendover, shi ya haɗa tsere irin na ƙasarsu: mutum biyar-biyar, kowa ya yi nasa zangon ya miƙa wa na gaba ƙyallen. Mutanenmu ba sa iya faɗin sunansa, sai suka raɗa masa Malam Japan, shi kuwa yana amsawa har da sunkuyawa.

Gidanmu babu wanda ya taɓa gudu sai in zai makara bas. Amma Baba ya riga ya ce mutanen Nijar za su fito, magana ta fita. Mama ta yage bakin tsohon zaninta ta ɗinka mana ƙyallen. Sati uku, kullum in na dawo daga lakwal, wato makaranta, na wanke kwanuka, sai mu yi ta zagaya wurin ajiye motocin gidajenmu, maƙwabta suna leƙo mu ta taga. Ni ce ta huɗu. Na ƙarshe Alhaji Mamman ne, dattijon da ya raɗa mini suna, wanda in ya fara gaisuwa sai shayi ya huce.

Doka ɗaya Malam Japan ya nanata: in ya busa usur ƙyalle bai kai hannun na ƙarshe ba, an cire ku. Baba kuwa ya cinye lokaci a nasa zangon, rabi gudu rabi tafiya, yana dafe da ƙugu. Da ƙyallen ya iso gare ni tsoro ya kama ni sosai, kada a ce a hannuna abin ya mutu. Na yi gudun da ban taɓa yi ba, hijabina na kaɗawa, har na hango Alhaji tsaye, wandonsa a naɗe, Malam Japan kusa da shi yana duban agogo, usur a baki.

To ni tun da aka haife ni ban taɓa miƙa wa babba abu a tsaye ba. Ina isa, ƙafafuna da kansu suka durƙusa. Na mayar da ƙyallen hannun dama, na sunkuyar da kai na ce, “Alhaji, ina kwana?” Na ji Baba daga nesa yana cewa, “Ke Hadiza, miƙa masa mana.” Alhaji ya dubi usur ɗin, ya dube ni, ya fizge ƙyallen ya zura a guje. Sai ga muryarsa yana waiwaye: “Lafiya lau. Ya gajiya? Ya mutan gida?” Yana cikin tambayar lafiyar Mama aka busa. Mu ne na ƙarshe ranar, amma ba a cire mu ba, Mama ta yi dariya har ta zauna a ciyawa.

Yanzu Alhaji ya koma Damagaram, gwiwoyinsa sun ƙi. 'Ya'yana sukan miƙo mini abu suna tafiya, idonsu a waya, ba ma gaisawa sai da Turanci. Ba na faɗa, zamaninsu ne. Sai dai in na kira Alhaji, nakan bar shi ya yi gaisuwarsa har ya gaji, don ina kewar gaisuwar nan.