Ranar da na sa rigar Metir

Ina tsaka da ɗaukar kaina hoto cikin baƙar rigar kotu ta Metir, lauyan da nake wa tafinta a unguwar Birikiteri, sai ga Baba Ɗanjuma mai soya, wato tsire, ya faɗo ofis da guduma a hannu. Metir ya fita cin abinci.

Na gyara murya: "Zauna, Baba. Me ya faru?"

"Maƙwabcina ya yi katanga, ya toshe min lambatu. Ruwan sama har ɗakin jikokina. Yau zan rushe ta!"

Ni da ban wuce makarantar allo ba! Amma kullum bakina ne ke juya maganar Metir zuwa Hausa, na haddace ta.

"Ka taɓa bulo ɗaya, kai za a kulle, shi ya kwana gida. Ɗauki hoto, a kira wisiye, ma'aikacin kotu mai rubuta shaida, ya gani da idonsa, sannan mu je kotu. Miƙo gudumar."

Ya miƙo.

Ashe Metir na tsaye bakin ƙofa. Ya ce shawara ta yi, amma in tuɓe masa riga tun kafin ni a kulle ni.

Na ce, "Baba, yi haƙuri, ni ba lauya ba ne."

"Kai, ja'iri! Ɗan Hajara mai ƙosai ne zan kasa ganewa? 'Ya'yana ma shawarar da suka ba ni ke nan, na ƙi. Rigar na ji wa kunya."

Gudumar na nan ƙarƙashin teburina. Jama'a, in mayar masa yanzu, ko sai an gama shari'a?